Yadda ake sarrafa homon wajen yaɗa furannin ado a cikin kwalba

Duk wanda ya taɓa datse kan zogale ya ga aikin homon, wato sinadarin da ke ba tsiro umarnin yadda zai girma, da idonsa, ko da bai san sunansa ba. Muddin kan yana nan, bishiyar sai ta yi ta miƙewa sama sandan-sandan. Ranar da aka sare kan, idanun da ke kwance a jikin kara sai su farka, rassa su fito ta ko'ina. Dalili kuwa shi ne kan tsiro yana samar da wani sinadari mai suna oksin, wanda ke gangarowa ƙasa yana danne idanun gefe. Saiwa ita ma tana aiko nata sinadarin sama, wato saitokinin, wanda ke tayar da su. Tsakanin waɗannan biyu ake ta ja-in-ja a jikin kowane tsiro.

Mai rainon tsiro a kwalba wannan ja-in-ja ya ɗauko ya riƙe a hannunsa. Ya yanko ɗan guntun ganye wanda ba shi da kai ba shi da saiwa, saboda haka babu mai ba shi umarni sai abin da aka zuba masa a abinci. Idan aka rinjayar da saitokinin sai ya yi toho, idan aka rinjayar da oksin sai ya yi saiwa, idan kuma aka bar su kusan kunnen doki sai ya kumbura ya zama wani dunƙule marar siffa da ake kira kalus. Folke Skoog da Carlos Miller na Jami'ar Wiskonsin a Amurka ne suka bayyana haka a 1957, da ɓargon karan taba suka yi gwajin. Har yau a kan wannan ƙa'ida ake yaɗa okid, jabera, kirisantimom da wardi a manyan gonakin furanni na duniya, kuma da irin wannan fasaha cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan take yaɗa ayaba, rogo da doya.

Furen da zan yi misali da shi shi ne Saintpaulia, wanda masu sayar da furanni suka fi sani da Afirkan bayolet. Asalinsa duwatsun Usambara ne a Tanzaniya, inda wani jami'in mulkin mallaka Bajamushe, Walter von Saint Paul-Illaire, ya gan shi a 1892 ya aika da irinsa gida. Na zaɓe shi ne domin ba shi da taurin kai: guntun ganyensa yana amsa homon da wuri, kuma kuskurenka yana bayyana a jikinsa ƙarara, ka gani ka gyara.

Mataki na farko: san abin da ke cikin kowace kwalbar sinadari

A ɓangaren oksin, wanda tsiro ke yi da kansa shi ne IAA, amma haske da zafi suna lalata shi, don haka ba a cika dogaro da shi ba. NAA ya fi shi ƙarfi da juriya. IBA shi ne gwanin fitar da saiwa. Akwai kuma 2,4-D, wanda manoman shinkafa suka sani a matsayin maganin ciyawa. Shi ɗin ne dai, oksin ne mai ƙarfin gaske, shi ya sa idan ya yi yawa yake murɗe ciyawa mai faɗin ganye har ta mutu. A kwalba aikinsa haifar da kalus ne, kuma mai son yaɗa fure ya fito sak irin uwarsa gara ya nisance shi. Kada kuma wani ya ɗebo na feshin gona ya zuba a abincin kwalba, domin an gauraya shi da wasu abubuwa.

A ɓangaren saitokinin, BAP ne abokin aikin yau da kullum, wasu kwalaben za ka ga an rubuta BA kawai. Yana da araha, yana jure dafuwa. Kainetin ya fi shi sanyin hali, shi ne kuma na farko da aka gano, a 1955. Ziyatin na asali ne, tsiro ke yin sa da kansa, David Letham ya ciro shi daga ɗanyar ƙwayar masara a 1963, amma yana da tsada. TDZ kuwa asalinsa maganin kakkaɓe ganyen auduga ne kafin girbi, ɗan ƙiris ɗinsa yana aikin da BAP mai yawa zai yi, kuma saurin ɓata tsiro gare shi. Sabon shiga ya bar shi tukuna.

Ruwan kwakwa ma yana ɗauke da saitokinin. Tun 1941 aka yi amfani da shi wajen rainon ɗan tayin irin wani nau'in zaƙami, kuma masu okid suna zuba shi har gobe. Matsalarsa ita ce ba ka san adadin abin da ke cikin kwakwar yau ba, balle ka kwatanta da ta jiya.

Don aikin da ke gabanmu uku sun isa: BAP, NAA da IBA.

Mataki na biyu: haɗa ruwan ajiya

Homon da miligiram ake auna shi a cikin lita guda, kuma ba kowane sikeli ne zai iya auna miligiram ɗaya ba. Dabarar ita ce a haɗa ruwan ajiya mai ƙarfi, a riƙa ɗiba da sirinji. Auna miligiram 100 na BAP, ka ɗiga masa ruwan sodiyom haidiroksaid kaɗan har garin ya narke sarai, sannan ka cika da tataccen ruwa zuwa mililita 100. Yanzu kowace mililita ɗaya tana ɗauke da miligiram ɗaya. Haka za ka yi wa NAA da IBA, su kam ko barasar itanol tana narkar da su. Sa safar hannu, domin sodiyom haidiroksaid yana cin fata.

Tunda za ka riƙa buƙatar adadi ƙanana kamar miligiram 0.1, ɗebi mililita 10 daga ruwan ajiyar ka cika zuwa 100 a wata kwalbar dabam. A wannan ta biyun, mililita ɗaya ita ce miligiram 0.1. Rubuta suna, ƙarfi da kwanan wata a jikin kowace kwalba, ka ajiye a firij. Kuskuren da ya fi kashe aiki a nan shi ne ɗaukar kwalba mai ƙarfi a maimakon mai rauni, ka ninka homon sau goma ba ka sani ba, sai bayan wata guda kana ta mamakin abin da ya sami tsironka.

Mataki na uku: dafa abincin

Abincin da aka fi amfani da shi shi ne MS, wanda Toshio Murashige da Skoog suka fitar a 1962. Garinsa ake sayarwa. Ga lita ɗaya, ka zuba tataccen ruwa kamar mililita 800, ka narkar da garin MS giram 4.4 da sukari giram 30. Sukarin wajibi ne, saboda guntun ganyen ba zai iya ciyar da kansa da haske ba tukuna. Sai homon: don tayar da toho a Saintpaulia, fara da BAP miligiram 1 da NAA miligiram 0.1. Cika ruwa zuwa lita, ka daidaita pH, wato ma'aunin tsami, ya tsaya 5.7 zuwa 5.8, sannan ka zuba agar, garin da ke daskarar da abincin, giram 7 ko 8 ka ɗora a wuta kana juyawa har ya narke. Idan tsamin ya yi yawa agar ba zai daskare da kyau ba.

Raba a kwalabe, kowace mililita 25 zuwa 30, ka rufe ba da ƙarfi ba, ka dafa a tukunyar matsin tururi a digiri 121 na minti 15 zuwa 20. BAP, NAA da kainetin suna jure wannan zafi, IBA ma akan dafa shi tare da abinci. Jibarelin (homon da ke sa kara ya yi tsawo), ziyatin da IAA kuwa ta matatar da ke tare ƙwayoyin cuta ake tace su, a zuba bayan abincin ya huce kafin ya daskare. Bar kwalaben su kwana uku zuwa biyar kafin ka shuka. Wadda ta yi funfuna ka ware ta, ta rage maka asara.

Ga shawarar da nake ganin ta fi duk wani lissafi da za ka kwafa daga takarda: kada ka dafa haɗi ɗaya tilo. Kowane nau'in fure, kai ko launi biyu na fure ɗaya, yana da nasa homon na cikin jiki, abin da ka zuba ƙari ne a kan wanda ke can. Shi ya sa haɗin da ya yi wa wani aiki zai iya ƙin yi maka. Yi jadawali: BAP a matakai huɗu, wato miligiram 0, 0.5, 1 da 2 a lita, NAA a matakai uku, 0, 0.1 da 0.5. Haɗi 12 ke nan. Kwalba biyar ga kowane, jimilla 60, abincin bai kai lita biyu ba. Kwalbar da babu homon ko kaɗan kada ka raina ta, ita ce ma'auninka. Saintpaulia yakan yi toho ko babu homon, sai dai kaɗan kuma a hankali, da ita za ka gane abin da homon ɗin ya ƙara.

Mataki na huɗu: zaɓen ganye da wanke shi

Uwar da za a yanka ta kasance lafiyayya. Makonni biyu kafin yanka a daina jiƙa ganyenta, a riƙa ba ta ruwa ta ƙasa. Ɗauki ganye matashi wanda ya gama buɗewa. Tsoho yana jinkirin amsa homon, jariri kuma bilic yana ƙona shi.

Wanke shi da ruwa da ɗigon sabulun ruwa. Tsoma a barasar itanol mai ƙarfin kashi 70 na daƙiƙa 30. Sai bilic: irin su Jik da Hypo, duba jikin robar ka ga ƙarfinsa, idan kashi 3.5 ne ka haɗa awo ɗaya da awo huɗu na ruwa, ka ƙara ɗigon sabulu ɗaya domin ganyen Saintpaulia gashi gare shi, kumfar iska tana maƙalewa a ciki ta ɓoye ƙwayoyin cuta. Minti 10 zuwa 15 kana girgizawa. Ɗauraye sau uku da ruwan da ka dafa a tukunyar matsi.

Daga nan komai a wuri mai tsabta za a yi. Wanda ba shi da teburin iska mai tacewa zai iya kifa babban akwatin roba mai haske, ya huda ramuka biyu na hannu, ya goge ciki da barasa, ya kashe fanka ya rufe taga. Hantsaki da aska a dafa su tare da abinci. Barasa da harshen wuta kada su haɗu a cikin rufaffen akwati.

Yanke gefen ganyen da bilic ya ci ka zubar. Sauran ka yanka murabba'i kamar santimita ɗaya, kowane da jijiya a ciki, ka kwantar da bayan ganyen a kan abinci. Ɗan karan da ke riƙe ganyen shi ma ana yanka shi ƙwaya-ƙwaya, kaurin milimita 2 zuwa 3. Ka danna kaɗan ya taɓa abincin, kada ka binne shi.

Mataki na biyar: raino, da karanta abin da tsiron ke faɗa maka

Ajiye kwalaben a digiri 23 zuwa 27, haske awa 16, duhu awa 8. Fitilar LED fara ta wadatar, rana kai tsaye kuwa dafa su za ta yi. A garuruwanmu wannan shi ne babban ƙalubale, domin ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska a watan Afrilu ya wuce abin da Saintpaulia zai ɗauka. A Jos abin ya fi sauƙi. Wanda ke Kano ko Maraɗi ya tanadi sanyi da wutar da ba ta yankewa kafin ya sayi homon ko ɗaya.

Makon farko na gurɓata ne. Funfuna kamar auduga take fitowa, bakteriya kuma kamar madara ko majina a gindin yankin. Wannan ba laifin homon ba ne, fitar da kwalbar ka dafa ta kafin ka buɗe. Daga mako na biyu zuwa na uku bakin yankan zai kumbura. Tsakanin mako na huɗu da na shida sai ka ga ƙananan toho kore sun yi cincirindo.

Yanzu ka jera kwalaben haɗi 12 ɗin ka duba. Inda BAP ya rinjayi NAA da ninki biyar zuwa goma, a nan ake sa ran toho mai kyau. Inda NAA 0.5 yake shi kaɗai, saiwa za ka gani tana fita daga ganye, toho kaɗan ko babu. Inda duka biyun suka yi yawa, kalus ne zai mamaye. A layin BAP 2 kuwa za ka iya ganin toho rututu har ranka ya yi daɗi, amma ka dube su da kyau. Sau da yawa gajeru ne, a cunkushe, ba a iya raba su da hantsaki. Toho 15 masu tsayi da za ka iya cirewa ɗaya-ɗaya sun fi 60 da suka manne kamar kan kabeji. A nan sababbin shiga suke faɗawa rami, suna zaton ƙarin homon ƙarin amfani ne.

Alama mafi muni ita ce ganye ya zama kamar gilashi, jiƙe-jiƙe, mai kauri da saurin karyewa. Yawan saitokinin ne kan gaba wajen jawo haka, sai laushin agar da rufe kwalba ruf. Irin wannan tsiro ba ya rayuwa a waje. Maganinsa a rage BAP zuwa rabi ko ƙasa, a ƙara agar giram ɗaya, a sa murfi mai barin iska ta ɗan ratsa. Rufewa ruf tana da wata illar: tsiro yana fitar da etilin, iskar nan da ke nunar da ayaba da mangwaro, idan ta taru sai ganye ya yi rawaya ya tsufa da wuri.

Idan kuma yankin ya yi baƙi har abincin ya rine, wannan ruwan da tsiro ke fitarwa ne idan an ji masa rauni, kamar yadda yankakken gauta ke yin duhu. Wardi da wasu okid sun fi yin haka. A mayar da yankin sabon abinci da wuri. Wasu suna zuba gawayin magani giram 1 zuwa 2 a lita, yana taimakawa, amma a tuna gawayi ba ya zaɓe, yana tsotse homon ɗin ma.

Mataki na shida: ninkawa

Ciro dunƙulen toho, ka raba shi gida-gida, ka mayar a sabon abinci. Yanzu tohon yana da nasa kan, ya fara yin nasa oksin, saboda haka buƙatarsa ta canza. Sauke BAP zuwa 0.2 ko 0.5, NAA kuma 0.1 ko ka cire shi ɗungurungum. Maimaita duk mako huɗu zuwa shida. Idan kowane zagaye yana ninka maka sau biyar, zagaye huɗu zai mayar da ɗaya ya zama 625.

Saitokinin yana taruwa a jikin tsiro daga zagaye zuwa zagaye, adadin da ya yi daidai a karon farko zai iya yin yawa a karo na huɗu. Kana ganin ganye yana ƙanƙancewa, ka rage. Tohon da ya ƙi tsawo, mayar da shi abinci marar homon na zagaye ɗaya yakan warware shi. A furanni masu kara kamar kirisantimom da wardi akan sa jibarelin kaɗan, 0.1 zuwa 0.5, ya ja gaɓoɓin, sai dai yana hana saiwa, don haka a cire shi kafin mataki na gaba.

Wani abin lura ga mai sayarwa: tohon da ya biyo ta kalus ya fi saurin sauya kama, kuma yawan zagaye yana ƙara haɗarin. Akwai ma nau'in Saintpaulia mai fure da zane kamar fiffiken fanka, launi biyu a jere. Wannan ba ya fitowa daidai daga ganye ko da wane homon aka sa, domin launukan daga sassan nama dabam-dabam suke. Daga karan fure ko 'ya'yan gindi ake yaɗa shi. Haka kuma a jabera, wardi da kirisantimom an fi yanko kan toho ko gaɓa mai ido maimakon ganye, a bar BAP ya tayar da idon da ke nan tun asali, kamar dai zogalen can. Ta kan toho ne Georges Morel na Faransa ya buɗe hanyar yaɗa okid a 1960.

Mataki na bakwai: saiwa

Zaɓi toho mai tsayin santimita 1 zuwa 2 da ganye uku ko huɗu. Abincin yanzu rabin ƙarfin MS ne, wato giram 2.2 a lita, sukari giram 15 zuwa 20, babu saitokinin sam. Saintpaulia yakan yi saiwa a haka kawai. Idan ya yi nawa, sa IBA 0.1 zuwa 0.5. NAA ma yana yi, amma yana son haifar da kalus a gindi, saiwar da ta fito daga kalus kuwa ba ta haɗe da jijiyar kara da kyau, wurin dasawa sai ta tsinke.

Oksin a kwanakin farko ake buƙatarsa don ya kafa saiwar, bayan nan yawansa hana ta tsawo yake yi. Saiwa gajera mai kauri kamar yatsa alama ce ta an zarce. Ga furen da ke wahalar saiwa, a bar shi mako ɗaya a abinci mai IBA sannan a mayar da shi marar homon. Cikin mako biyu zuwa huɗu za ka ga fararen saiwoyi ta ƙasan kwalba. Sun kai santimita ɗaya ko biyu, lokacin fita ya yi.

Mataki na takwas: fitarwa

Tsiron da ya tashi a kwalba bai san bushewa ba. Ƙofofin numfashin ganyensa ba su iya rufewa da kyau, kakin da ke kare ganye kuma bai yi kauri ba. Minti kaɗan a iskar hunturu ya isa ya yanƙwane, don haka damina ta fi dacewa da wannan aiki. Sassauta murfin na kwana biyu ko uku kafin cirewa. Wanke agar daga saiwa tas da ruwa mai ɗumi-ɗumi, domin sukarin da ya rage funfuna yake kira. Dasa a garin ɓawon kwakwa da aka wanke gauraye da yashi mai tsabta, a ƙananan kofuna masu huda a ƙasa, ka rufe da leda mai haske, ka ajiye a inuwa mai haske. Bayan mako guda fara huda ledar, kullum kana ƙara buɗewa, har a cire ta cikin mako uku zuwa huɗu. Ruwa ta ƙasa, domin ruwan sanyi yana bar wa ganyen Saintpaulia tabo.

Kowane kofi ka maƙala masa lambar haɗin da ya fito daga ciki da yawan zagayen da ya yi. Bayan wasu watanni, idan furen farko ya buɗe, ɗauko uwar ka ajiye kusa da 'ya'yan ka kwatanta launi, girman fure da siffar ganye. Waɗanda suka bauɗe ka duba lambarsu a littafinka. Idan daga layi ɗaya suka fito, wannan haɗin ka soke shi, ka koma ga uwar ka yanko sabon ganye.